Mai keke ma direba ne, ko ya yarda ko bai yarda ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kekunan da suka daɗe a jingine a zaure da bayan ɗaki suka fara fitowa a Kaduna. Malamin makaranta daga Rigasa, leburan gini daga Hayin Banki, mai gadin da ya tashi aiki a Barnawa, mai ƙaramin teburi a Kasuwar Barci, kowa ya lissafa kuɗin mota na wata ya ga gara ya sayi taya da tub. Garin nan ba baƙon keke ba ne. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, keke ne abin hawan ma'aikaci. Titin ne ya canza. Yanzu akwai babura, akwai Keke Napep, akwai tirela da tifa, kuma duk wanda ba mota yake tuƙawa ba an tura shi wuri ɗaya: ɗan zirin nan na bakin kwalta, tsakanin tayar mota da lambatu, wanda sau da yawa bai wuce mita ɗaya da rabi ba.

In ka zauna da masu keke, kukansu ɗaya ne, direbobi ba sa ganin su. Gaskiya ne. Amma mota tana wuce ka cikin daƙiƙa biyu ta tafi. Wanda kuke tare tun daga Kawo har Shataletalen Stadium shi ne ɗan'uwanka mai keke, da ɗan acaba, da mai Napep. Ra'ayina shi ne mai keke direba ne, dokar hanya ta hau kansa kamar yadda ta hau kan mai mota, kuma babban abin da wani mahayi yake bin sa bashi shi ne ya iya gane abin da zai yi kafin ya yi shi. Gwamnati ma tana da nata alhakin, za mu zo kansa. Sai dai ba ita ce ke sa mutum ya saɓa hannu yana waya ba.

Saɓa hannun nan shi ne babbar cutar. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama, wato mai keke yana bin gefen dama ne, fuskarsa na kallon inda motoci suka nufa. Wanda ya bi wanwe yana zuwa ta wannan gefen, gaba da gaba. Tambaye shi dalili, zai ce maka gara ya ga abin da zai buge shi. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, in ta biyo bayan mai keken da ke yin 15, bambancinsu 35 ne, direba na da lokacin kaucewa. In mai keken ya fuskance ta, 65 ke nan. Haka masu keke biyu da kowanne ke yin 15, suna kusantar juna da gudun 30, wato fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. In sun hangi juna daga mita 25, daƙiƙa uku kawai gare su su yanke shawarar wanda zai kauce.

Kuma wa ke kaucewa? A nan zaluncin yake. Mai saɓa hannu yana ganin motocin da ke tahowa, don haka sai ya lafe a jikin kwalbati ya ƙi motsi. Wanda ke kan hannunsa, wanda motocin ke bayansa bai gan su ba, shi ake turawa cikin titi. Mai gaskiya ke ɗaukar kasadar mai laifi. In ka haɗu da irin wannan, kada ka karkata hagu da ka. Rage gudu, waiga ta kafaɗar hagu, in akwai mota ka tsaya cak a gefenka ka sa ƙafa a ƙasa. Bari shi da yake ganin titin ya zagaye ka. Zai harare ka, wataƙila ya ce “Malam, ba ka gani ne?” Ba komai, ka ce masa “A yi haƙuri, hannuna ne,” ka wuce.

Akwai kuma abin da mai bin wanwe ba ya tunawa ko kaɗan. Direban da ke fitowa daga lungu ko gidan mai zai shiga titi mai hannu biyu irin Ahmadu Bello Way ko Ali Akilu, hagu yake dubawa, domin daga can motoci ke zuwa. Da zarar ya ga sarari sai ya taka. Mai keken da ya fito masa ta dama bai taɓa shiga idonsa ba. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya koya masa ya jira abin hawa daga wannan ɓangaren.

Na san uzurin da ake bayarwa, kuma ba na raina shi. An raba manyan tituna da shingen kankare, wurin juyawa ya yi nisa. Mutum na son zuwa shagon da ke mita 200 a bayansa, an ce ya tafi mita 500 gaba ya juyo. Zuwa da dawowa kilomita ɗaya ne, kusan minti huɗu a keke, ga rana, ga kaya. To amma akwai hanya ta uku da girman kai ke hana mutane bi: ka sauka ka tura. Mita 200 a ƙafa bai kai minti uku ba. Wanda ya sauka ya zama mai tafiya a ƙasa, ya halatta ya bi gefen masu tafiya, kuma babu wanda zai tura cikin mota.

Sai maganar wucewa. Ana wuce mutum ta hagunsa, ba ta tsakaninsa da lambatu ba. Mai keken da ke gabanka, duk abin da ya razana shi, dama zai gudu, domin can ne mafakarsa. In ka kutso ta nan, ka tare masa ita. Kafin ka fita, waiga. Sa'an nan ka yi magana tun kana mita 10 a bayansa: ƙararrawa sau ɗaya, ko “Gafara dai,” ko “Baba, ina hagunka.” In ka bari sai kafaɗarka ta zo daidai tasa kafin ka yi ihu, zai waigo, kuma hannu yana bin ido. Wanda ya waiga hagu, kan kekensa hagu yake karkata, wato cikinka. Faɗin kan keke kusan santimita 60 ne, ga gwiwar hannu, ga ɗan lilon da kowane keke ke yi. Ka bar aƙalla mita ɗaya. In babu wannan sararin, lokacin wucewa bai yi ba. Bayan ka wuce kuma kada ka yanko gabansa nan take, sai ka ba shi tsawon keke biyu.

Wani abin haushi da ake yi a danja: mutum ya san an wuce shi sau biyu a hanya, amma da an tsaya sai ya lallaɓo ya shige gaban kowa. Danja ta ba da hannu, sai a sake wuce shi cikin motoci. Wanda ya riga ka isa, tsaya a bayansa.

Bin baya ma yana da ƙa'ida. Samari na son manne wa na gaba don iska ta rage musu, har tayarsu ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya. In tayoyin suka gogu, na baya ne ke faɗuwa, kusan kullum, domin tayar gaba ita ke riƙe da daidaiton keke, ta baya kuwa nauyin mutum na danne da ita. A gudun kilomita 20 kana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani hannu ya matse birki, daƙiƙar ta tafi. Tsawon keke uku shi ne mafi ƙarancin tazara a busasshen titi. Na gaba shi ma yana da nasa aikin, tunda shi ke ganin hanya. Rami, yashi, kwalbatin da aka sace wa murfi, ka nuna da hannu ƙasa ta gefen da abin yake. Za ka juya, miƙa hannun wannan gefen tun da sauran tafiya, sa'an nan ka mayar da shi kan birki kafin kwanar. Za ka tsaya amsa waya ko gaisawa, fita daga layin gaba ɗaya. Gaisuwa a Kaduna ba ta ƙarewa a “sannu”, sai an tambayi gida da yara da gajiya, kuma mutum biyu da suka jera kafaɗa da kafaɗa suna yin ta a kan titin Kachia sun toshe wa kowa.

Wanda ya fi kowa cancantar a ba shi hanya shi ne mai kaya. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa kilo 25 ce, huɗu kilo 100, sun fi shi kansa mahayin nauyi. Mai burodi, mai yogot da akwatinsa, mai itace, mai buhun gawayi, duk keken da aka loda wa kariya haka gabansa ya yi sakayau, tayar gaba ba ta kama ƙasa sosai. A hankali yake tafiya, kuma a hankalin ne keke ya fi lilo. In yana hawa tudu daga wajen kogi, zai riƙa yin dama da hagu don ya samu ƙarfin taka feda. Ba wasa yake yi ba. In ka tilasta masa tsayawa a tsakiyar hawa, ba zai iya sake tashi ba, sai dai ya tura har sama. A gangara kuma birkinsa ba zai tsayar da wannan nauyin a inda naka zai tsayar da kai ba, don haka kada ka wuce shi ka taka birki a gabansa. Ka kuma duba faɗin kayan, ba faɗin mutumin ba. Rodi ko katako da aka ɗaure a gicciye, da magariba ba a ganin bakinsa.

Yaran Islamiyya masu goyon juna, ɗaya a kariya ɗaya a kan sandar gaba, ka ɗauka kawai za su juya ba sanarwa. Masu kekunan tsere da ke fita rukuni da safiyar Asabar da hular kwano, su kuma matsalarsu gudu ne ba ƙara, suna iya yin 30 a awa, sai dai ka ji iska ta wuce. Ya kamata na gabansu ya riƙa faɗin “muna da yawa”, don kada mutum ya ga ɗaya ya wuce ya koma layi ya faɗa cikin na biyu.

Ɗan acaba ya fi ka gudu, ya fi ka nauyi, kuma a gosulo rata ɗaya kuke nema. Kada ka yi takara da shi a kanta. Riƙe layinka a miƙe, shi ya san yadda zai zagaye abin da ke tafiya a miƙe, wanda ke rawa ne ke ruɗa shi. Mai Napep kuwa idonsa ba ya kan titi, yana kan bakin titi, inda fasinja yake. Saboda haka in kana bayansa, kai ma can za ka duba. Ka ga mace ta tsaya da jaka tana kallon hanya, ko wani ya ɗaga hannu, to Napep ɗin nan zai yanko dama ya tsaya, da sigina ko babu. Kada ka shiga tsakaninsa da gefen titi, domin ta nan fasinja ke saukowa, sau da yawa ƙafar yaro ce ke fara fitowa. Motar da aka ajiye a gefe kuma, in da mutum a ciki, ƙofarta na iya buɗewa kusan mita ɗaya.

A kan titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, maganar ta wuce ladabi ta zama ta rai. Direban tirela a hagu yake zaune, gefen damansa akwai wurin da madubi ba ya nuna masa. In zai juya dama sai ya fara buɗewa hagu, ratar da ta buɗe sai ta yi kamar an ba ka hanya, alhali tayoyin baya ta nan za su biyo. Wanda ya shige ta ya ja na bayansa ma, domin masu keke na bin juna ido rufe. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Yaran da ke kama bayan tifa ta ja su, duk babban da ya gani ya tsawatar, ko ba ɗansa ba ne.

Duk wannan ladabin ba ya aiki in keken ba ya tsayawa. Kekuna da yawa a garin nan birki ɗaya gare su, wasu ma sai silifas a kan taya. Mutane na cire na gaba wai yana kifar da mutum, alhali shi ke yin mafi yawan aikin, saboda in ka taka birki nauyi gaba yake komawa. Abin da ke kifarwa shi ne fizgar sa lokaci ɗaya, ko matse shi a kwana a kan yashi. Gwajin ba wuya: tura keken ka matse na gaba, ya kamata tayar baya ta ɗaga. Matse na baya, ya kamata taya ta ja ƙasa. Robar birki ta tsaya milimita biyu zuwa uku daga rim, ta kama ƙarfen ba taya ba, kuma hannun birkin kada ya taɓo kan keke in an matse. Da damina, musamman a Agusta da Satumba, tsohon keke mai rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe sai taya ta juya sau da dama kafin robar ta share ruwan ta kama. Ka riƙa ɗan taɓa birki tun kafin ka buƙace shi, ka kuma ninka tazara. Ruwan na kwaso yashi ya zube a daidai zirin da muke bi, ya kuma rufe ramuka, shi ya sa na gabanka ke kaucewa ba zato.

Fitila ma haƙƙin wani ce a kanka. Fara a gaba, ja a baya, ga su nan masu caji a kasuwa. Ta gaban a sunkuyar da ita ta haska ƙasa kamar mita 10, ba idon mai tahowa ba. Mutanen Rigasa da sauran unguwannin yamma da baifas suna da wata matsalar ta daban: da safe gabas suke fuskanta, da yamma kuma yamma, rana na cikin idonsu zuwa da dawowa, haka ma direban da ke bayansu. Ƙara hazon hunturu a kai, ko gaggawar shan ruwa da azumi, za ka ga dalilin kunna jar fitila tun kafin a kira magariba. Babbar riga da jallabiya a tattare su a zauna a kai, ƙafar wando ta dama a naɗe, kada sarƙa ta ci. Abin sauraren waƙa ko karatu a kunne biyu kuwa, wanda ya sa shi ya kashe ƙararrawar kowa.

In an yi karo, a fara janye mutane da kekuna daga kwalta kafin a fara neman mai laifi. Sa'an nan a duba: kan keken ya karkace, a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi a daidaita. A juya taya a ga ko rim na taɓa birki. In ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya lanƙwashe baya ko fenti ya tsage a wajen walda, kada a hau, a tura zuwa wajen mai gyara. Wanda ka gani yana tura keke, tambayar “Lafiya dai, ɗan'uwa?” ba ta cin minti ɗaya, kuma sifana mai lamba 15, ƙaramin famfo, faci da sholisho duk suna shiga leda ɗaya. Facin da ke tashi bayan kwana biyu, yawanci ba a kankare tub ɗin ba ne, ko an manna shi sholisho bai sha iska na minti biyar ba. Kafin a mayar da tub a shafa cikin taya a hankali, ƙusar ko wayar na nan. In ka ga huji biyu a jere, ba ƙusa ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya cije tub a bakin rami. A wajen mai facin mota kuma a ce masa ya sa iska kaɗan-kaɗan, injinsa na iya fasa tub ɗin keke nan take.

Yanzu ga gwamnati. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya kawo sabuwar gadar Kawo, da fitilu, da wurin masu tafiya a ƙasa. An yi wa mota lissafi, an ɗan yi wa mai ƙafa, mai keke kuwa an bar shi ya nemi wuri da kansa. Ba sai an jira kuɗin gina masa titi na daban ba. A shingen tsakiya, a wuraren da kowa ya san ana tsallakawa, kusa da kasuwa, makaranta da masallaci, a buɗe rata da turaku a tsakani, yadda mutum zai wuce da kekensa a hannu amma mota ba za ta shiga ba. Wannan kaɗai zai kashe rabin uzurin masu bin wanwe. A riƙa kwashe yashin gefen titi bayan ruwa, maimakon a share tsakiya a tara shi a inda keke ke bi. A rufe kwalbatoci. A ware wa Napep wuraren sauke fasinja da suka shiga ciki. Gadojin kogin Kaduna, inda titi ke matsewa kuma babu wurin gudu, su ne suka fi buƙatar layin da aka raba da kankare, ba fenti ba, domin fenti ba ya hana ɗan acaba.

Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa su daina ɗauke kai in mai keke ya saɓa hannu a gabansu. Ban ce a ƙwace keken talaka ko a ci shi tarar da ta fi kuɗin keken ba, wannan zai zama wata hanyar karɓar na goro ne kawai. A tsayar da shi, a sa shi ya sauka ya tura zuwa hannunsa. Minti biyar ɗin da ya yi asara a gaban jama'a ya isa horo. Masu gyaran keke na Tudun Wada, Kawo, Kakuri da Sabon Tasha kuma, su ne kaɗai kowane mai keke ke zuwa wajensu ko ba ya so. In aka kawo faci suka ga babu birkin gaba, su faɗi kuɗin roba da waya tun kafin su cire taya.